Makullin Shagon Baba

Baffa,

Wa ya gaya maka hankalin Baba ya tafi? Likita ne, ko kai ka auna da ido? Gaisuwa tana nan, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara, amma bari in fara fitar da abin da ya tsaya min a wuya.

Ranar da dangi suka taru a falo duba shi, a gaban kowa ka ce tunda ciwon nan ya shanye masa ɓarin jiki, yayanka sai dai lallaɓawa. Ka zare makullin shagon ɗinkinsa daga ƙusa, ka jefa a aljihu, ka ce ƙarshen wata za a ba wani shagon. Yana zaune yana kallonka. Ka kuma ce in daina azabtar da shi da littattafai.

To, ban daina ba. Kullum in ya karya, nakan jawo kujera in karanta masa shafi biyu ko uku, shi ma ya ja layi ɗaya da bakinsa. Ni da makaranta ta kora, da tsofaffin littattafan bakin titi na wasa ƙwaƙwalwata. Abin da suka yi min za su yi masa.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Barkono

Ɗana Barkono,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ga harshen nan yana nan yadda na bar shi.

Ba ƙiyayya ba ce. Ran nan da na gaishe shi, da sunan mahaifinmu ya kira ni. Na daɗe zaune a mota na kasa tayar da ita. Makullin kuwa, duk sanda ya hango shi sai ya yunƙura zai tafi aiki, ya faɗi.

Kana karatu yana gyaɗa kai, kai kuma ka ɗauka fahimta ce. Ni ma haka nake gyaɗa wa Innarka kai. Ka sassauta wa kanka. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka

Baffa,

Ina gaisuwa. Maganar gyaɗa kan nan ta ci min rai, don na ji tsoron gaskiya ce. Sai na fara yi masa tarko: ina cikin karatu in murɗe labarin da gangan. Wanda aka sace wa jirgin ruwa in mayar da shi ɓarawon. Baba ya gyaɗa kai. Na fita tsakar gida na rasa inda zan sa kaina. Washegari na dawo na ci gaba, kullum da sabuwar ƙaryata.

Jiya muna kan labarin wasu masunta, na ce tsohon mai jirgi ya yi sallama ya shigo. Sai na ji sanda a ƙaurina.

"Kai, maƙaryaci," in ji Baba. "Ba shi muka binne shekaranjiya ba?"

Ya karɓe littafin, ya bi da yatsa a hankali har ya nemo wurin da aka binne tsohon, ya tura min a hanci. Umma ta saki tsintsiya ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye. Ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba.

Can ya dubi ƙusa, ya ce in gaya maka aljihun hagun da ka jefa makullin a huje yake, tuntuni ya ce ka kawo rigar ya ɗinke, ka ƙi.

Ka gaida gida.
Barkono

Ɗana,

Gaisuwa da godiya ga Allah. A huje yake. Tun ranar nake neman makullin nan, kunya ta hana ni faɗa. A cikin shafin rigar na same shi. Yau na ci abinci da daɗi. Zan aiko da shi gobe.

Baffanka

Baffa,

Ina gaisuwa, kuma kada ka aiko. Ka zo da kanka, da rigar, Baba ya riga ya sa an nemo masa allura. Na kira duk waɗanda suka zauna a falon ran nan. A gabansu ka faɗa, a gabansu za ka amsa: hankalin yayanka ya tafi, ko yana nan?

Ɗanka mai jira,
Barkono