Zafin jikin Ummi bayan allura

Assalamu alaikum ɗiyata Hadiza. Ya maigidanki da yara, ya aikin bincike?

Masu rigakafin ƙyanda sun zo Magarya, mutane sunka hana yaransu. Na ce ɗiyata ƙwayoyin cutar nan take bincike, ba ta yaudara ta. Na miƙa Ummi, ɗiyar ƙanenki, sannan saura sunka biyo.

Tun jiya jikinta da zafi, na kasa zama wuri ɗaya. Kowa ya wuce sai ya leƙo: "Malam, ya yarinya?" Na san ba gaisuwa ba ce.

Kin ce wani zafin jiki ne ke koyon faɗa da cuta. Shi ne wanga, ko mi? Amsa mani da wuri.

Innarki na gaishe ki. Ki yi muna addu'a, don da sunanki na tsaya wa allurar nan.

Babanki