Masaƙar da Aka Kwantar

Litinin, 7 ga Yuli, 2008
Maidaji, ɗan Maraɗin da nake duba wa ingancin atamfa a kasuwar Canaan, ya kawo mini wata Bajamushiya shago. Sunanta Renate. Ya gaya mata akwai Bakanon da ke jin yarensu. Hotuna ta ɗauka na tsofaffin masana'antun ƙasarsu da aka mayar wuraren baje kolin zane-zane, za ta nuna su nan birnin Guangzhou na China a wata tsohuwar ma'aikatar gwangwani da ke bakin kogi. Tana son bayanin kowane hoto har da Hausa, don ta ga yawan mutanenmu a unguwar Sanyuanli. Rabona da Jamusanci tun ina saurayi, lokacin da masaƙarmu ta Kano ta tura ni can koyon gyaran inji. Da tsatsa ya fito. Na ce zan gwada.

Alhamis, 10 ga Yuli
Na gama fassara kalmomi masu sauƙi. Kesselhaus, ɗakin tukunyar tururi. Schornstein, bututun hayaƙi. Websaal, zauren saƙa. Waɗannan ai a cikinsu na zubar da gumi. Amma na daɗe a kan hoton zauren: farin fenti, ƙasa tas, mutum biyu riƙe da kofi suna kallon bango. A namu zauren da hannu ake magana saboda ƙara.

Lahadi, 13 ga Yuli
Kalmar Industriedenkmal ta tsaya mini a wuya. Renate ta ce ginin masana'anta ne da hukuma ta hana a rushe, don na baya su gani. Na rubuta "kango". Da na gaya mata ma'anarsa sai ta ce, "A'a, Herr Shitu, kango ba shi da mai kula da shi." Na ce mu dai irinsa kaɗai muka sani. Muryata ta fi ƙarfin maganar. Ita kuwa me ta yi mini.

Asabar, 19 ga Yuli
Saboda wasannin Olympics na Beijing an tsananta bincike. Fasfo a ƙofar gida, fasfo a kasuwa. Bizata ƙarshen Agusta za ta ƙare, wakilin da ke sabunta mini ya girgiza kai: "Meiyou." Babu, sai na koma gida na nemo sabuwa. Ba na son Kano yanzu. Tun da aka sallame mu, in zan je gidanmu zagaye nake, don hanyar ta gaban masaƙar ta bi.

Laraba, 23 ga Yuli
Babayo ya kira daga Kano, abokin aikina na layi ɗaya a masaƙa. An sayar wa dillalan tsohon ƙarfe injinan. "Da wuta suke yanka su, Shitu. Na layinmu ne suka rage." Ya ji ana cewa ƙasar nan za a kawo a narke. Yana magana, hannuna na kan bandir ɗin atamfa mai zane irin wanda muke bugawa a da. Ya ce in zo in gani kafin su gama. Na ce aiki ya yi mini yawa.

Alhamis, 24 ga Yuli
Ban taɓa fassarar ba yau.

Asabar, 2 ga Agusta
Ƙarƙashin kowane hoto akwai shekara, da kalma ɗaya, stillgelegt. "An rufe" daidai ne, amma shago ma ana rufewa a buɗe gobe. Muka zauna da Renate a ma'aikatar gwangwanin, masu fenti suna ta kai da komo. Ta jawo hoto guda ta ce a nan uwarta ta yi aikin kaɗin zare har aka tsayar. Tun da aka mayar da wurin gidan kallo tsohuwar ba ta taɓa shiga ba. Da Renate ta kai mata hoton har gida, sai ta ɗora yatsa kusa da taga ta uku. A nan take tsayawa lokacin aiki.

Na rubuta "an kwantar da ita". Yadda ake kwantar da mara lafiya, ko wanda ya cika. Kangon kuma na goge, na sa "masana'antar da aka bari don tunawa". Ya yi tsawo. Haka nan.

Juma'a, 8 ga Agusta
Kowa na gaban talabijin ɗin Maidaji, ana bikin buɗe wasanni. Na ɗan kalla na dawo.

Asabar, 16 ga Agusta
An buɗe baje kolin hotunan. Mutanenmu kaɗan suka zo, da yawa sun bar gari, wasu suna tsoron fitowa. Maidaji ya karanta Hausar a bayyane, yana tuntuɓe. Ya ce, "Malam Shitu, to ina injinan suke tsayawa?" Na nuna masa ramukan ƙusoshi a ƙasan hoton, daga nan bakina ya ƙi tsayawa: inda zare ke shiga, inda yadi ke fita, yadda kunne ke gane injin da zai lalace. Wani tsoho ɗan China yana gefe, ba ya jin ko kalma. Da na gama ya ja hannun rigata, ya nuna mini irin ramukan nan a ƙarƙashin ƙafafunmu, sannan ya dafa ƙirjinsa. Na gyaɗa kai. Muka tsaya haka.

Litinin, 18 ga Agusta
Na sayi tikiti. Dole ce, saboda biza. Na kira Babayo don ya tarye ni a filin jirgi. Ya ce jiya sun cire rufin ɗakin rini. Na ce ya yi wa mai gadin masaƙar magana. Ba wai lallai zan shiga ba, ko a bakin ƙofa ne. In da hali kuma ya nemo Salihu da sauran 'yan layinmu. Ya ce Salihu ai ya rasu bara, ya zaci na ji.

Na yi masa addu'a. Na ce to, waɗanda suka rage.