Gaisuwar Malam Isa da na ƙi gogewa

Bakura, daren Laraba, cikin Sha'aban

Yau na tsaya bakin ƙofar ruwa ni kaɗai har azahar. Ashe shugabanmu na masu sakin ruwan fadama ya aiko saƙon murya a gurup ɗin aiki cewa an canja lokaci. Wayata ta cika, bai shigo ba.

Sakatarenmu ya duba, ya ce, "Baba, saƙonnin marigayi Malam Isa sunka cika ta. Gaisuwa ce kawai, bari in goge."

Na ce, "Ɗana, ɗauke hannunka."

Wai gaisuwa ce kawai! Isa abokin aikina ne, ya san ba ni karanta boko, shi ya sa kullum da safe yake hwaɗa mini aikin ranar da baki ta waya, ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon gwiwata. Tun da anka binne shi Maradun, ba wanda ya tambaya.

Shugaba ya ce in na sake rasa saƙo, in aje aiki. To, na goge hotunan jikokina, su ina ganinsu ran kasuwa.

Na kunna Isa. Ya ce, "Bawa, ina kwana?" Dare ne, amma na amsa masa.