Shugaban Malaman Kwamfuta da Takardar Korar da Ba Ta Fito Ba

Zuwa ga Mai Girma Mai Filin Shawarwari,

Ka agaza mini, don girman Allah, kafin ranar Alhamis. Idan Alhamis ta zo ta same ni yadda nake, mutuncin da na shekara tara ina tarawa zai zube a gaban yara arba'in da biyu 'yan aji biyar.

Ni ne shugaban Ƙungiyar Malamai Masu Amfani da Kwamfuta a Makarantu. Ƙungiya ce ta sa-kai, ba ma neman riba, kuma gaskiya ita ma ribar ba ta taɓa nemanmu ba. Muna da mambobi sittin da uku, da tambari, da take da ake rerawa a tsaye, da kundin tsarin mulki mai shafi ashirin da takwas. Sau uku ana zaɓena ba hamayya.

Yanzu zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa kunna kwamfuta ba. Ina koyar da ita kam, sosai ma. Nakan zana ta a allo da alli, in ja kibiya zuwa kowane sashe, yara su haddace, su ci jarrabawa. Ranar da aka kafa ƙungiyar na je taro rataye da baƙar jakar kwamfuta da wani ɗan'uwana ya ba ni, wadda ba komai a cikinta sai littattafan yara da zan duba da jan biro. Na tashi na yi jawabi mai ratsa jiki a kan makomar ilimi. Jama'a suka dubi jakar, suka dubi juna, suka ce ai shugaba ya samu.

Babban aikinmu shi ne zagayen duba ɗakunan kwamfuta sau ɗaya a shekara, mu ba da kofi ga makarantar da ta fi kula da kayanta. Mai jagorantar zagayen wani dattijo ne da muke kira Malam Hankici, saboda farin hankicin da yake goga wa kowace na'ura, sannan ya ɗaga shi sama ya duba a hasken taga. Hankici ya fito fari, maki goma. Akwai makarantar da ta ci kofin sau huɗu a jere, domin kwamfutocinta ba su taɓa fita daga kwali ba. Tawa makarantar ta zo ta biyu sau biyu, albarkacin mayafan da uwargidana ta ɗinka wa kowace kwamfuta, masu ado a baki. Wata shekara an rage wa wata makaranta maki uku don an tarar da waya a jone da bango, ko da yake malamin ya rantse fanka ce.

Muna zaune lafiya sai na jawo wa kaina. Sashe na bakwai na kundinmu ya ce duk wata takardar ƙungiya dole a buga ta da kwamfuta, in ba haka ba ba ta da ƙarfin doka. Saboda wannan sashe muka yi shekara bakwai ba mu fitar da takarda ko ɗaya ba. Sanarwar taro ma da baki ake yaɗa ta. To ƙanwar matata malama ce a wata makaranta, kuma na ji labarin tana iya abin. Na shigo da ita ƙungiya da hannuna. Shekara biyu ke nan ita ke buga mana komai, har mambobi suna yaba mini da cewa ƙungiya ta samu ci gaba a zamanina.

Bana zagaye ya kai makarantarta. Ranka ya daɗe, ban san yadda zan kwatanta maka abin da muka gani ba. Ƙofar ɗakin a buɗe, ba kwaɗo. Kwamfutoci tsirara, ba mayafi. Yara biyu-biyu a kujera ɗaya suna ta danne-danne kamar masu tsince tsakuwa a hatsi. Haruffan madannai sun goge saboda yawan taɓawa, ta bi su ɗaya-ɗaya ta sake rubutawa da farin fenti. Malam Hankici ya goga sau ɗaya, ya ɗaga, hankici ya fito launin toka. Sai da aka zaunar da shi aka yi masa fifita. Yana cikin wannan hali yaran suka buga masa takardar maraba da furanni a gefe, suka miƙa masa. Ya ninke ta ya sa aljihu, ya ce ya riƙe ta a matsayin shaida.

Kwamiti ya zauna ranar Asabar. Aka tuhume ta da jefa kayan makaranta cikin haɗarin lalacewa da zubar da ƙimar ƙungiya. Mutum goma sha ɗaya suka ɗaga hannu a kore ta. Ni kuwa na dubi rufin ɗaki, sakatare ya rubuta cewa shugaba ya amince cikin natsuwa. Da aka zo batun wa zai buga takardar korar, sai kowa ya fara kawo uzuri. Mataimakina ya ce ya bar tabaransa a gida. Sakatare ya ce yatsansa na tsakiya yana masa ciwo tun damina. Malam Hankici ya ce shi aikinsa dubawa ne, ba taɓawa ba. Daga ƙarshe aka ce wannan babban aiki ne, ya fi dacewa da shugaba.

Me zan yi? Na saɓi jakata na tafi wurinta, na yi ta kewaye-kewaye, har na fito da maganar. Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce haba Yaya, ai wannan ƙaramin abu ne, in zauna. A gabana ta rubuta takardar korar kanta, tsaf, har ta tambaye ni ko ina son a yi mata ado a gefe. Sannan ta ce saura danna wuri ɗaya takarda ta fito, amma wannan girma ba nata ba ne, na shugaba ne: in zo ranar Alhamis bayan hutun tara, in danna da hannuna a gaban 'yan ajinta, domin sun daɗe suna marmarin ganin shugaban malaman kwamfuta yana aiki. Na ce ba sai an tara yara ba. Ta ce ai ta riga ta faɗa musu, har sun fara koyon waƙar tarba.

A gida kuma babu sauƙi. Uwargida ta daina kirana Baban yara, sai Shugaba, da wata irin murya mai cike da gatse. Ta ce ranar da aka kori ƙanwarta za ta je makarantarmu ta kwashe mayafanta, in san da me zan rufe abin da ban iya buɗewa ba.

Na yi ƙoƙarin koyo a ɓoye. Jiya lokacin hutun tara na kulle kaina a ɗakin kwamfutarmu, na ɗaga mayafi, na ƙirga madannai ɗari da huɗu. Na yi addu'a na danna mafi girma. Shiru. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Sai daga baya na tuna wayoyin suna cikin kabad ɗin hedimasta tun ranar da aka kawo kayan, kuma ni na ba da shawarar a ajiye su can.

Na yi tunanin in kwanta ciwo, amma uwargida za ta ƙaryata ni. Na yi tunanin in yi murabus, sai na tuna takardar murabus ma tana ƙarƙashin sashe na bakwai. Kuma, in faɗa maka tsakani da Allah, raina ba ya son a kore ta. Ranar zagayen na tsaya bayan wasu yara ina kallon haruffa suna fitowa a gilashi yadda suka so, na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, kuma ba fushi ba ne. Amma idan na ƙi kai takardar, kwamiti zai tambayi dalili; idan na je Alhamis, yara za su ga dalilin da idonsu. Ina zan sa kaina?

Naka cikin zullumi,
Shugaba Mai Jaka

*

Ya kai Shugaba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu: sau ɗaya a zaune, sau ɗaya a tsaye don girmama muƙaminka. A tsawon shekarun da na yi ina kashe gobarar jama'a a wannan fili, an kawo mini ƙarar maƙwabta, da ta surukai, da ta wani tela da ya ɗinka wa ango wando mai ƙafa ɗaya doguwa, amma kai ne na farko da ya nemi wanda zai kora ya taya shi korar.

Bari in fara da yi wa kwamitinka adalci, domin na san masu karatu sun riga sun fara yi musu dariya. Waɗannan dattawa ba mugaye ba ne, tsoro ne ya yi musu yawa, kuma tsoron yana da tushe. An kawo musu na'urori masu tsada, ba a koya musu ba, ba a ba su mai gyara ba, aka dai sa su sa hannu cewa kayan suna wuyansu. Malamin da ya san idan abu ya lalace shi za a kira ofis a yi wa tambayoyi, ba abin mamaki ba ne ya ɗinka masa mayafi. Hankicin Malam Hankici, a wurina, tutar neman sulhu ce da wani abu da ya fi ƙarfinsa.

Ita ma Malama ba zan wanke ta tas ba. Tara wa mijin yayarta yara arba'in da biyu, har da waƙa, tarko ne, komai kyan fentin da aka shafa masa. Amma a kan ainihin magana ita ce da gaskiya, kai ma ka sani, tunda ƙirjinka ya riga ya faɗa maka. Madannin da ya goge a hannun yara ya yi aikin da aka kawo shi ya yi. Wanda ke cikin kwali kuwa yana tsufa ne a tsare, ba tare da ya aikata laifin komai ba.

Sai batun sirrinka. Ina baƙin cikin sanar da kai, cikin dukkan ladabi, cewa ba ka da sirri. Matar da ta shekara biyu tana buga maka takardu ta sani. Uwargida ta sani, ta ma faɗa maka a fuska. Mutum goma sha ɗayan nan kuwa ba su da lokacin binciken naka, kowa yana fama da ɓoye nasa: tabarau da ciwon yatsa duk ciwo ɗaya ne da naka. Kun shekara tara kuna gadin ƙofa ɗaya, kowa yana zaton shi kaɗai ne ba shi da makulli.

Saboda haka ga abin da na yanke. Kada ka jira Alhamis. Ranar Laraba bayan an tashi ka je wurinta, ka ajiye jakar nan a bakin ƙofa, ka ce mata ba ka iya ba, ta koya maka. Za ta yi dariya, haƙƙinta ne na ƙanwar mata, ka bar ta ta gama. Sannan ku yi yarjejeniya: ranar Alhamis za ka zo, a yi maka waƙar, amma takardar da za ka danna ta fito ba ta kora ba ce, ta kiran taron gaggawa ce a ɗakin kwamfutarta. Danna wuri ɗaya ba ya fin ƙarfin mutumin da ya haddace sassan na'ura da kibiyoyinsu. Rabin awa ya ishe ka. Idan ka rikice a gaban yara, ka faɗa musu gaskiya cewa shugaba ma ɗalibi ne. Yara sukan yafe wa babban da ya ce bai sani ba. Wanda ba sa yafe wa shi ne wanda suka kama.

Takardar kora kuwa, kundinku ya riga ya yi maka aiki: muddin ba a buga ta ba, ba a kori kowa ba. A wurin taro ka sanar cewa duk wanda yake kan bakansa, ga kujera ga kwamfuta, ya zauna ya buga da kansa. Ka ba su minti biyar cikakku. Idan ba wanda ya zauna, ka tashi ka fara faɗin naka, kai da bakinka, kafin kowa. Sa'an nan a rufe ƙofa, a saki labule, ba yaro ko ɗaya a kusa, Malama ta fara darasi daga inda ake kunnawa. Dattijo yana iya koyon komai idan ba mai leƙensa ta taga.

Kada ku soke zagayen shekara, ku sauya abin da ake dubawa: a tambayi yara nawa ne suka taɓa, kuma me suka iya. Malam Hankici a naɗa shi mai kula da tsaftar na'urorin da ake aiki da su, aikin da zai same shi da ƙura ta gaske a karon farko. Kuma ƙungiya ta rubuta wa hukumomin makarantu ta nemi mai gyara da alkawarin cewa ba za a hukunta malami don na'ura ta gaji a hannun ɗalibai ba. Wannan ita ce takardar da ya kamata ku buga tun shekara tara da suka wuce.

Mai yiwuwa ka rasa kujerarka a zaɓe mai zuwa, ba zan ɓoye maka ba. Mai yiwuwa kuma su sake zaɓenka, don kai ka fara sauke musu kayan da ya daɗe yana danne su. Ko wanne ya faru, za ka koma gida a kira ka Baban yara.

Allah ya daidaita tsakaninka da surukanka, ya sanyaya zuciyar kwamiti, ya kuma ba ka ƙarfin yatsa ranar Alhamis.

Mai Filin