Minti Biyun Farfesa

Laraba, bayan isha'i.

Yau Farfesa ya zo ofishina, ofishin da yake nasa kafin ya yi ritaya shugabancin tsangayar shari'a ya dawo hannuna. Na bar shi kan bencin sakatariya tun azahar har aka kira la'asar, alhali shayi kawai nake sha.

Ya shigo yana dogara sanda, babbar riga ta yi masa yawa. So yake a ba shi kwantiragi ya ci gaba da koyar da tsarin mulki, wai zaman gona a Kwali zai kashe shi.

Na cire agogona na ajiye kan tebur. "Minti biyu, ranka ya daɗe."

Ya dubi agogon, ya dube ni. Ya gane. Haka ya yi mini ranar da aka yi mini ƙazafin sayar da maki, ina tsaye da cikin wata bakwai, kafin ya dakatar da ni shekara guda. Mutumin da ya rubuta littafi sukutum kan haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi!

Ya ce, "'Yata..." Ban ce ya zauna ba. Da lokaci ya cika na ce, "Kwamiti zai duba." Maganarsa ce na mayar masa.

Na lalubi tausayi a zuciyata, wallahi babu. Tuwo ma sai da na ƙara.

Gobe zai dawo. Na ce wa sakatariya ta ɗauke bencin.