Kunnen Baba Lafiya Lau, Talabijin Ce

Hancock, Michigan

Zuwa ga yayana Duane,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa, kai da Corinne da yara, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya a can Chile. Allah Ya kare ka a aikin ma'adinai, Ya raba ka da tsautsayi, Ya ƙara wa Corinne sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya muke. Dusar ƙanƙara ta bana ta kai tagar kicin, Gordy kullum yana waje da shebur yana mita, amma ka san mijin nawa, ranar da bai samu abin mita ba ciwon kai yake yi. Inna Helmi ta fito daga asibiti, har ta je coci da ƙafarta.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, kuma tun kafin gabanka ya faɗi, labarin mai daɗi ne. Ka tuna yadda na tayar maka da hankali a waya watan jiya. Abin da na gani na faɗa maka: mutumin da ba ya yarda wasan hoki na kan ƙanƙara ya wuce shi, sai ga shi ya daina kunna talabijin kwata-kwata. In na je da yamma sai in tarar da shi a kujera cikin duhu, hannu a kan gwiwa. In na tambaye shi sai ya ce wai 'yan wasan yanzu ba su iya komai ba. Ya rage cin abinci, ya daina zuwa shan kofi da abokansa. Ni da kai har mun fara maganar gidan kula da tsofaffi, ni kuwa na karɓo masa ranar ganin likita ba da saninsa ba.

Ranar da na je in lallashe shi kan zuwa asibitin, yana kicin yana haɗa kofi, ni ina falo ina neman ta inda zan fara. Shirun gidan ya dame ni, sai na ce bari in kama rahoton yanayi a tsohuwar rediyonsa, wannan mai akwatin katako da fuskar azurfa, wadda ya saya tun muna firamare. Ban lura ba ashe maɓallin ƙara yana murɗe har ƙarshe. Ina juyawa zuwa tashar rediyo, Duane, sai da gilasan tagogi suka yi rawa. Manyan sifikun nan biyu suka yi wata tsawa, kyanwarsa ta bi ta kan teburi ta watsar da komai, ni na toshe kunne na rasa ma inda zan taɓa. Baba ya fito a guje kofi ya zube masa a gaban riga, yana ta faɗa, wai so nake in kurmanta shi da ransa. Ya kashe ta da kansa. Sai kuma ya tsaya cak, yana kallon rediyon, yana kallona. Can ya tambaye ni a hankali ko ni ma na ji da ƙarfi haka. Na ce masa har maƙwabta sun ji.

Daga nan ya zauna ya faɗa mini gaskiya. Sabuwar talabijin ɗin da ka aiko masa ba ta da ramukan nan na fitar da sauti, ja da fari, da tsohuwar take da su. Da Gordy ya kafa ta a bango ya tafi, Baba ya ƙi yarda da sifikarta, wai muryarta kamar ana magana a cikin gwangwani. Sai ya nemo waya ya haɗa ta da rediyonsa ta ramin iyafis. Ya kunna, ya ji magana can ƙasa-ƙasa. Ya murɗa, ya murɗa, har maɓallin ya ƙi gaba, duk da haka sai ya matso da kujera yake tsintar kalmomi. Tunda Mama ta rasu bai ƙara kama tasha ko sa faifai ba, saboda haka ba shi da abin da zai gwada da shi. Kawai sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shekarun da ya yi a injin yanka katako ne suka biyo shi. Ya ce haka abokinsa Verne ya fara, yau ba ya jin talabijin, gobe ba ya jin waya, kafin shekara ta zagayo 'ya'yansa sun sayar da gida sun kai shi inda ake rubuta wa mutum suna a jikin kofinsa. Shi ya sa ya ɓoye mana, yana kashe talabijin ɗin da ya ji tsayuwar motata. Yana faɗa yana murza hularsa, ni kuma na juya ina goge kofin da ya zube don kada ya ga idona.

Na ce ya kunna talabijin ɗin mu ji tare. Wallahi ni ma da ƙyar nake jin mai karanta labarai. Da na faɗa masa, sai ya ce to lallai kurumtar gado ce, ni ma ta kama ni. Rabon da in ji dariyarsa irin wannan na manta.

Gyaran ma sai da ya ba mu wahala. Na shiga saitin talabijin da rimot, na tarar ramin iyafis ɗin yana da nasa ma'aunin ƙara daban, kuma yana can ƙasa. Na ɗaga shi, sauti ya ɗan taso, amma da wani huci a bayansa, kuma har yanzu bai cika falo ba. Washegari muka haye gada zuwa wani shagon kayan sauti a Houghton. Matar da ke wurin ta ce tsofaffin rediyoyin nan sun saba da sauti mai ƙarfi, ramin iyafis kuwa don kunne aka yi shi, ba don su ba. Ta ba mu wani ɗan akwati da bai fi gwangwanin kifi ba, mai nasa maɓallin ƙara. Ana ɗauko sauti daga wani rami a bayan talabijin mai fitar da jan haske, a shigar cikin akwatin, shi kuma ya miƙa wa rediyo ta wayoyi ja da fari. Ta ja kunnenmu kada mu sa wayoyin a ramin garmaho na rediyon, kuma mu sauke ƙarar rediyon ƙasa tukuna. Baba ya ce mata wannan darasin mun riga mun biya kuɗinsa.

Mun dawo mun haɗa, sai wani shuuu kawai, babu magana. Na ga fuskarsa ta fara canjawa. Na kira matar, ta ce in koma saitin sauti in zaɓi wasu haruffa uku, PCM. Ina dannawa muryar mai sharhin wasa ta cika ɗakin, tas, alhali maɓallin bai ma kai rabi ba. Baba ya mayar da kujerarsa inda take tun asali, ya ce in matsa na tare masa gola.

Duk da haka na kai shi wurin likita. Ya ce kunnen hagu ya ɗan yi rauni, irin na shekaru, ba abin damuwa ba. Don haka mu bar maganar gidan tsofaffi, kuma kada ka nuna masa mun taɓa yin ta. Kada kuma ka ji ba daɗi game da kyautarka, yanzu har fariya yake da ita. Jiya na same shi ya baje hotunan irin shuka a teburi, yana zaɓen tumatir da wake da zai sa a bayan gida in ƙanƙara ta narke. Ya ce in faɗa maka rufin sauna, ɗakinsa na wankan tururi, yana yoyo, kuma ba ɗan kwangila yake so ba, kai yake jira a watan Yuli, ka zo da guduma.

Ka gaishe da Corinne, ka sumbatar mini Tessa da Anders. Gordy da Inna Helmi suna gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Lorna