Shafi Tara a Wuyan Mutanen Gaya

Daga Hadi a Gaya, zuwa ga yayata Malama Kadijatu a Toranke. Gaisuwa mai yawa.

Yaya, albishirinki! Baffa Bubayero ya dawo daga Makka bayan shekara bakwai, da littafin da wani alhajin Sin ya ba shi. Baffa ya ce ƙamus ne: kowane shafi harafi guda, an zana dukkan siffofinsa, na da da na yanzu, har da waɗanda marubuta suka karkata, don kada ko ɗaya ta ɓata. Wani harafin siffa arba'in! Takardar kamar ɓawon albasa. Gari duk ya taru a zaurenmu. Wassalam.

Daga Kadijatu zuwa ga ƙanena Hadi. Aminci gare ka.

Na yi murna har na zubar da tawada. Aiko min shi in kwafe, tunda babu na biyunsa a ƙasar nan. Ka kuma tashi mutanen zaure. Na san Gaya da takardar da ta taka Makka. Ka gaishe da Inna Adama, da jikinta.

Yaya, gaisuwa da neman afuwa.

Ga littafi, amma shafi guda tara babu su. Mutane sun ce sirri ne, tunda ba mai iya karanta shi. Na cire su na ba baduku ya ɗinke layu tara. Wallahi kunyar dattawa na ji. Ƙaninki.

Hadi,

Madalla. Mutanen Sin sun yi zamani suna tara rubutunsu wuri ɗaya, kai ka raba shi a sati biyu. Bi gida gida ka farke. In sun ce farkewa tana kashe laya, ka tambaye su me aka rubuta a ciki. Ina jira, alƙalamina a fiƙe.

Yaya, barka!

Takwas sun dawo, ga su nan na aiko miki! Sarkin Pawa sai da ya bi ni da wuƙa. Ta taran tana wuyan Inna. Ta ce tun da ta rataya ta, tarinta ya tsaya, har tana cin tuwo. Na kai aska kusa, ta riƙe hannuna, na kasa. Me zan yi?

Hadi, aminci.

Mayar da askarka. Na gama kwafa, na bar shafi guda fari. A ƙasansa na rubuta: "Siffofin wannan harafi suna Gaya, a wuyan Adama." Ka ce mata ta ƙara loma. Wassalam.